Amsoshin Tambayoyinku: Me Ya Hana Zakaran Gasar Mestis Ta Finlan Hawa Babban Rukuni?

Tambaya: Kawu, ni mai bin ƙwallon ƙafa ne, amma kwanakin baya na ci karo da labarin wata gasar ƙwallon gora na ƙanƙara a ƙasar Finlan mai suna Mestis, wadda aka ce ita ce ta biyu a daraja. An ce ƙungiyar Jokerit ce ta ɗauki kofinta a 2025, amma ba ta hau babban rukuni ba. Abin ya ɗaure mini kai. Yaya za a yi ƙungiya ta zama zakara kuma a bar ta inda take? Ko maguɗi aka yi mata? Sannan tunda an ce babbar ƙungiya ce, me ya jefa ta cikin 'yan dagaji tun farko? Daga wani ɗalibi a Zariya.

Amsa: Ɗana, ka faranta mini rai da wannan tambaya, domin ba kullum ake samun wanda hankalinsa ya leƙa har ƙuryar arewacin Turai ba. Kuma ɗaurewar kan da ka yi tana da dalili. Duk wanda ya tashi yana kallon ƙwallon ƙafa ya saba da doka guda: na ƙasan teburi ya sauka, na saman rukuni na biyu ya hau. Haka muka gani lokacin da Kano Pillars ta faɗi a 2022, ta je ta yi gumi a ƙasa, ta dawo a 2023. Haka ake yi a Ingila duk shekara. To, tambayarka biyu ce a ƙunshe: me ya hana zakara hawa, kuma me ya kawo babbar ƙungiya ƙaramar gasa. A taƙaice, ba maguɗi aka yi ba, kuma Jokerit ba faɗowa ta yi ba. Amma bari mu ɗauko zancen daga tushe, don ya zauna maka daram.

Shi wannan wasa a kan ƙanƙara ake yinsa, sai dai ba a kan tafkin da ya daskare ba, kamar yadda mutane da dama ke zato. A da can haka ake yi, kuma har gobe yara suna buga nasu a filayen unguwa idan hunturu ya kankama. Wasan gasa kuwa a rufaffen zaure ake yinsa. Ƙarƙashin daɓen an shimfiɗa bututai masu ɗauke da sanyi, kamar bayan firji, su ke hana ƙanƙarar narkewa. Finlan ta buɗe irin wannan zaure na farko a birnin Tampere a 1965. Tsawon filin mita 60 ne, faɗinsa tsakanin 26 da 30, an kewaye shi da katanga mai gilashi a sama. 'Yan wasa suna sa takalmi mai siririn ƙarfe a ƙasa kamar kaifin wuƙa, da shi suke sulalawa. Abin da suke bugawa ma ba ƙwallo ba ne, faifan baƙar roba ne mai tauri, faɗinsa kamar murfin ƙaramin gwangwani, nauyinsa bai wuce giram 170 ba. Finawa suna ce masa kiekko, shi ya sa za ka ga kalmar a sunayen ƙungiyoyi irin su Kiekko-Espoo da Kiekko-Vantaa.

Kowane ɓangare mutum shida ne a fili, har da mai tsaron raga. Ana yin zubi uku, kowanne minti 20, kuma duk lokacin da alƙalin wasa ya hura usur agogo tsayawa yake. Idan ka samu bidiyon wasa, kada ka bi faifan da ido a karon farko, zai wahalar da kai. Dubi gefen fili, inda 'yan benci suke zaune. Za ka ga ɗan wasa ya yi gudu na ƙasa da minti ɗaya, ya taho yana haki, kafin ya ƙaraso wani ya riga ya ɗora ƙafa a kan katanga ya dira cikin fili, wasa kuma bai tsaya ba. Haka ake ta musanya har a tashi, domin babu ƙirjin da zai jure wannan gudu na minti biyar a jere. Wanda ya yi ƙeta kuma ba kati ake ɗaga masa ba. Wani ɗan keji ake kai shi ya zauna minti 2, 'yan'uwansa huɗu su yi ta fama da mutum biyar. A irin wannan lokaci ne zaure ke ɗaukar zafi.

A Finlan, ƙasa mai mutum kimanin miliyan 5.6, wannan shi ne wasan da ya fi kowanne tara 'yan kallo. Sun ɗauki kofin duniya a 1995 da 2011 da 2019 da 2022, kuma a watan Fabrairun 2022 suka ci zinaren Olamfik a Beijin.

Yanzu ga tsanin gasanninsu. A sama akwai Liiga, wadda aka kafa a 1975 da sunan SM-liiga, aka gajarta sunan a 2013. Ƙarƙashinta Mestis, wadda ta fara a shekarar 2000, ta gaji tsohuwar gasar da ake kira rukuni na ɗaya. Ƙarƙashin Mestis kuma akwai Suomi-sarja. Ga wani abu da nake so ka riƙe da kyau, domin shi ne mabuɗin tambayarka: Mestis tana hannun hukumar wasan ta ƙasa, amma Liiga kamfani ce, kuma ƙungiyoyin da ke cikinta su ne masu hannun jarinsa. Ke nan masu gida su ne ke da babbar murya a kan wanda zai shigo gidan.

Kakar Mestis tana farawa a watan Satumba, a yi ta zagaye har zuwa Maris, kowace ƙungiya ta buga wasa kusan 50. Babu canjaras. Wanda ya ci a cikin minti 60 ya kwashi maki 3. Idan aka tashi kunnen doki sai a ƙara minti 5, wanda ya fara jefawa ya ci, in ba a samu ba a je bugun daga kai sai mai tsaron raga. A nan mai nasara maki 2 yake samu, wanda aka doke ya tafi da 1. Amma wanda ya ƙare a saman teburi bai zama zakara ba tukuna, kuma nan ma wani bambanci ne da abin da ka saba. Ƙungiyoyin sama, galibi takwas, su ke shiga zagayen fitar da gwani. A wannan zagaye ba wasa ɗaya ake yi a rabu ba. Ƙungiyoyi biyu za su yi ta haɗuwa, yau a gidan wannan, jibi a gidan wancan, galibi har sai ɗaya ta ci wasa huɗu, abin da ka iya kai su wasa bakwai. Kuma idan aka yi kunnen doki a nan babu bugun daga kai sai mai tsaron raga, ƙarin lokaci za a yi ta yi har sai faifai ya shiga raga, ko da dare ya raba.

Su wane ne ke buga wannan gasa? Nan ne abin ya fi taɓa mini zuciya. Yawancinsu ƙungiyoyin ƙananan garuruwa ne. IPK tana Iisalmi, garin da mutanensa ba su fi dubu ashirin da ɗoriya ba. Ketterä, wadda ma'anar sunanta mai zafin nama, tana Imatra, daf da iyakar Rasha. KeuPa tana Keuruu, inda mutane ba su kai dubu goma ba, amma ta ɗauki kofi a 2018. Hermes tana Kokkola a bakin teku. RoKi kuwa tana Rovaniemi, can arewa, inda a tsakiyar Disamba rana ba ta wuce awa biyu zuwa uku a sama. Daga Rovaniemi zuwa Helsinki tafiyar kimanin kilomita 800 ce, kusan Kano zuwa Abuja sau biyu, kuma a bas ake yinta. Ka kwatanta matashi ɗan shekara 21, an tashi wasa wajen ƙarfe tara na dare, ya tura jakar kayansa mai wari cikin gindin mota, ya naɗe ƙafa a kujera da kumburarriyar gwiwa, mota ta yi ta keta duhu da dusar ƙanƙara har asuba. Da yawansu albashin wasa ba ya riƙe su, sai sun haɗa da karatu ko wani aiki. Wasu kuma aro aka ba da su daga ƙungiyoyin Liiga don su goge, kafin a kira su gida.

Akwai kuma waɗanda ba a sa sunansu a allo. Finawa suna da kalma, talkoot, kuma da na fahimci ma'anarta sai na ga ai gayyarmu ce sak: mutanen gari su taru su yi aiki ba don a biya su ba. Mai yagar tikiti a ƙofa, dattijuwar da ke zuba kofi a lokacin hutun zubi, mai riƙe ƙofar kejin masu laifi, mai rubuta sakamako, mafi yawansu 'yan gayya ne, iyaye da kakanni da tsofaffin 'yan wasa. Da za a ce a biya kowa, rabin waɗannan ƙungiyoyi da sun rufe tuntuni. Ko a hakan ma ba duka ke tsira ba. Espoo United ta karye a 2018. SaPKo, zakarar 2017, rashin kuɗi ya fitar da ita daga gasar bayan 'yan shekaru. A kakar 2023 zuwa 2024 ƙungiyoyi 13 ne suka fafata, a ta gaba suka koma 10.

To, cikin irin wannan gida ne Jokerit ta shigo, kuma ba ta ƙofar faɗuwa ba. An kafa ta a Helsinki a 1967, sunanta daga jokan karta aka samo shi. Sau shida tana zama zakarar Finlan: 1973, 1992, 1994, 1996, 1997 da 2002. A cikinta Jari Kurri da Teemu Selänne suka taso kafin su tafi su yi suna a gasar NHL ta Amurka da Kanada, wadda ita ce ƙololuwar wannan wasa a duniya. A 1997 ta tare a sabon katafaren zaure mai cin mutum fiye da 13,000. Sai a 2013 mai ƙungiyar na lokacin, Harry Harkimo, ya sayar da zauren ga wasu attajiran Rasha, Gennady Timchenko da iyalan Rotenberg, kuma daga 2014 Jokerit ta bar gasar ƙasarta da ƙafarta, ta koma KHL, babbar gasar da Rasha ke jagoranta. Kaka takwas ta yi a can, tana hawa jirgi zuwa Mosko da Biladibostok, har da Beijin. Mutane da yawa a Finlan ba su yafe mata wannan tafiya ba.

Ranar 24 ga Fabrairun 2022 Rasha ta afka wa Yukiren. Cikin kwanaki Jokerit ta janye daga zagayen fitar da gwani na KHL, bayan 'yan makonni ta fice daga gasar baki ɗaya. Zauren nan kuma ya shiga takunkumin da Turai ta ƙaƙaba wa masu shi, aka garƙame shi. Ka ga ƙungiya ba gasa, ba gida. Liiga ba ta buɗe mata ƙofa ba, don haka babbar tawagarta ta yi kaka guda cur ba ta buga wasa ko ɗaya ba. Sai da ta sauya hannu, ta koma ga masu jari 'yan ƙasa, cikinsu har da 'ya'yanta da ke wasa a NHL, Teuvo Teräväinen da Esa Lindell, sannan aka karɓe ta a Mestis a 2023. Wannan ita ce amsar rabin tambayarka na biyu. Siyasa da yaƙi ne suka sauko da ita, ba rashin iya wasa ba.

Zuwanta ya girgiza gasar. A kakar farko wasu wasanninta na gida a ƙaramin zauren garin Kerava ta buga su, wasu kuma a tsohon zauren Helsinki, gidan babbar abokiyar hamayyarta HIFK. Duk garin da ta je kuwa zaure cika yake, domin mutanen da suka saba ganin wannan riga a talabijin yau ga ta a unguwarsu. Ga ma'ajin ƙaramar ƙungiya, daren da Jokerit ta zo daren girbi ne. Kowa ya ɗauka kofi nata ne tun kafin a fara. Amma Hausawa sun ce giwa a garin wani zomo ce. A watan Maris na 2024 Hermes ta Kokkola ta yi waje da ita tun a zagayen farko na fitar da gwani. Kofin wannan shekara IPK ce ta ɗauka, bayan ta doke Ketterä a ƙarshe, kuma shi ne na farko a tarihinta.

Sai kakar da ka tambaya a kai, ta 2024 zuwa 2025. Kafin a fara, Jokerit ta yi abin da ya sa duk ƙasar ta waiwayo: ta dawo da Valtteri Filppula gida. Wannan mutum a Jokerit ya goge yana saurayi, ya tafi Amurka ya buga wasa fiye da 1,000 a NHL, ya ɗauki kofin Stanley, wato kofin gasar NHL, da Detroit a 2008. A 2022 shi ne kyaftin ɗin Finlan a gasar Olamfik da ta kofin duniya da suka ci, ya zama Bafine na farko da ya haɗa waɗannan manyan lambobi uku. Yana da shekara 40 ya baro Jeniba ta ƙasar Siwizalan, ya ɗaura ɗamarar kyaftin a rukuni na biyu, ya shiga bas tare da yaran da wasunsu ba a haife su ba lokacin da ya fara wasa a babbar tawaga. Ni dai ina ganin wannan halacci ne da ya cancanci a faɗa. Jokerit ta ƙare a saman teburi, ta ratsa zagayen fitar da gwani, ta haɗu da IPK mai riƙe da kofi a wasan ƙarshe, ta doke ta. Wannan shi ne kofin da ka karanta labarinsa.

Yanzu ga ƙofar shiga Liiga. A shekarar 2000, daidai lokacin da aka haifi Mestis, aka rufe Liiga, wato aka ce babu mai sauka, babu mai hawa ta hanyar wasa kawai. Kärpät ta birnin Oulu ce ta samu shiga a wannan shekara ta hanyar wasan cike gurbi, sannan aka ja ƙyaure. Daga nan duk wanda ya shiga, da takarda ya shiga. Takardar ita ce lasisi, wato shaidar cewa ƙungiya tana da zaure mai girman da ake buƙata, asusunta ba ya cikin rami, tana da tsarin rainon yara, kuma za ta iya sayen hannun jarin kamfanin Liiga, wanda kuɗinsa ya haura yuro miliyan ɗaya. Ta haka KalPa ta birnin Kuopio ta hau a 2005.

An ɗan sassauta daga 2009 zuwa 2013. A waɗannan shekaru zakaran Mestis yakan kara da na ƙarshen Liiga, wanda ya riga cin huɗu shi ke da gurbin. Sau biyar aka yi, sau biyar na Liiga ya tsira. Wadda ta fi kusa ita ce Sport ta garin Vaasa, da ta ja Ässät har wasa na bakwai a 2009. Bayan haka aka sake rufewa, aka koma ga lasisi: Sport ta hau a 2014 ta cike gurbin da Jokerit ta bari, KooKoo ta bi a 2015, Jukurit ta garin Mikkeli a 2016. Ita Jukurit sai da ta ɗauki kofin Mestis sau bakwai kafin ta ga cikin babban gida.

Misalin da zai fi fito maka da abin fili shi ne wannan. Kiekko-Espoo ta zama zakara a 2023, ba ta hau ba. A 2024 ba ta ɗauki kofi ba, amma ita ce ta hau, domin ta cika sharuɗɗa: Espoo shi ne birni na biyu a girma a ƙasar, mutanensa sun haura 300,000, ga zaure mai cin kusan 7,000. IPK da ta ɗauki kofin shekarar kuwa ta zauna inda take, zaurenta bai kai cin mutum 2,000 ba. Ketterä ma ta ci a 2019 da 2021 da 2022, sau uku a jere idan ka cire 2020 da annobar korona ta katse kaka, amma ko sau ɗaya ba ta motsa daga wurinta ba.

A kakar 2024 zuwa 2025 aka dawo da wasan cike gurbi, bayan shekara 12. Sharaɗi biyu aka gindaya: ka zama zakaran Mestis, kuma ka riƙe lasisi. Jokerit ta cika duka biyun, don haka a watan Afrilun 2025 ta fuskanci Pelicans ta birnin Lahti, wadda ta ƙare a gindin Liiga. Kada kalmar gindi ta ruɗe ka. Wannan Pelicans ita ce ta buga wasan ƙarshe na Liiga a 2023 da 2024, Tappara ta doke ta duka biyun. Kaka ɗaya ce ta ɓaci mata. Aka yi karawar a gaban cikakkun zauruka, Pelicans ta riga cin huɗu, ta riƙe gurbinta. A nan Filppula ya rataye takalmansa. Ka ga ke nan ba a hana Jokerit haƙƙinta ba. Kofin Mestis bai ba ta kujera ba, dama ya ba ta ta nemi kujerar, ta nema ba ta samu ba, ta sake fara kaka ta gaba a Mestis.

Za ka ce, to me ya sa suka zaɓi wannan tsari mai wuya? Suna da hujja, kuma ba ta banza ba ce. Riƙe ƙungiyar wannan wasa akwai tsada: wutar da ke daskarar da fili wata bakwai ko takwas, kayan kariya daga kai har ƙafa, sanduna masu karyewa kullum, 'yan wasa fiye da ashirin. A shekarun 1990 an sha ganin ƙungiya ta ci bashi don tsoron faɗuwa, ko don kwaɗayin hawa, ƙarshe ta durƙushe. Masu goyon bayan rufewa suka ce a cire wannan tsoro, kowa ya yi lissafinsa a natse, koci ya iya jefa yaro ɗan shekara 18 cikin fili ba tare da fargabar kuskurensa zai nutsar da ƙungiya ba. Kuma gaskiya ne cewa ɗaukar ƙungiyar ƙaramin gari a jefa ta babban rukuni ba shiri, kamar ɗora wa jaki kayan raƙumi ne.

Amma rufewar ta haifi nata ciwon. Tunda na ƙasan teburin Liiga ba ya tsoron komai, sai ya zama idan watan Fabrairu ya zo, ƙungiyar da ta ga ba za ta kai zagayen gaba ba ta fara sayar da gwanayenta ga Suwidin ko Siwizalan don ta rage albashi. Magoya baya har suna suka sa wa abin, tyhjennysmyynti, wato gwanjon kwashe kayan shago. Wanda ya sayi tikitin kaka guda sai ya ƙarasa ta yana kallon ragowar tawaga. A ƙasa kuma, Mestis ta zama gasar da kofinta ba ya kai ka ko'ina. Yaya za ka shawo kan mai kamfani ya zuba kuɗin talla, ko gwanin ɗan wasa ya ƙara shekara ɗaya, alhali kowa ya san ko an ci ko ba a ci ba a nan za a kwana?

Idan ra'ayina kake so, ɗana, ina tare da masu cewa a bar ƙofa a buɗe. Ban ƙi lasisi ba, domin babu amfanin hawan da zai ƙare da karyewa a tsakiyar kaka, a bar 'yan wasa ba albashi. Amma sharaɗi ya zama wanda mai ƙoƙari zai iya cikawa, kada ya zama katangar da aka gina don kare waɗanda ke ciki. Shi kansa wasan cike gurbin ba a daidai ake shigarsa ba. Ƙungiyar Liiga, ko da ta ƙarshe ce, kuɗin 'yan wasanta ya ninka na yawancin ƙungiyoyin Mestis ninkin-ba-ninkin, kuma ta shafe wata bakwai tana gogayya da manya a gudun da ya fi na ƙasa. Shi ya sa sau shida aka yi wannan karawa tsakanin 2009 da 2025, ba a taɓa samun na ƙasa ya yi nasara ba. Duk da haka gara a yi da a bari. Zaurukan da suka cika a Helsinki da Lahti a watan Afrilun 2025 sun nuna abin da mutane suka daɗe suna ƙishirwa: wasan da sakamakonsa ke da nauyi ga ɓangarorin biyu. Kuma dattijuwar nan mai zuba kofi a Iisalmi ko Imatra, ita ma tana da haƙƙin ta sa rai cewa wata rana garinta zai karɓi baƙuncin manya a wasan gasa.

Kada kuma ka raina rukuni na biyu don ana ce masa na 'yan dagaji. KalPa ta birnin Kuopio ta faɗo daga babban rukuni a 1999, ta karye, ta koma farawa daga ƙasa. 'Ya'yanta da suka yi arziki a NHL, Sami Kapanen da Kimmo Timonen, suka sa mata jari. Ta ɗauki kofin Mestis a 2004 da 2005, ta hau. Shekara ashirin bayan haka, 'yan makonni kaɗan da kammala karawar Jokerit da Pelicans, KalPa ta doke SaiPa a wasan ƙarshe na Liiga ta 2025, ta zama zakarar Finlan karo na farko a tarihinta. Tsakanin Kuopio da Iisalmi, garin IPK, bai kai kilomita 100 ba.

Ina fata kan ya warware. Idan ka samu kallon wasa ɗaya daga farko har ƙarshe, ka sake rubuto mini abin da ka gani da abin da ya shige maka duhu, ƙofar wannan fili a buɗe take. Allah ya ba da sa'ar karatu.